Kayan Sautin Mota: A Canza Ko A Bari?

 Yau cikin mota za mu shiga, amma ba inji za mu buɗe ba. A kan rediyon da ke gaban direba za mu tsaya, da lasifikokin nan da ke ɓoye cikin ƙofofi, don mu auna tambayar da kan taso wa mai mota da zarar ya gama murnar saye: in cire kayan sautin da motar ta zo da su daga kamfani in sa wasu, ko in bar su yadda suke? Wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya san sana'ar nan ta kafu. Ga allunan Android jere a rumfa, ga amfilifaya, ga akwatunan ufa manya da ƙanana, ga 'yan riwaya sun kwance dashbod wayoyi suna reto. Matsayin da zan tsaya a kai shi ne wannan: kuɗin da mutum zai kashe don sauti ya fito tangaran ba shi da yawa, kuma yana biyan bukata, kuɗin da zai kashe don sauti ya yi ƙara kuwa, akasarinsa asara ne, wani ma har da cuta. Kasuwa ta fi ƙwarewa wajen tallar na biyun, domin a nan ribarta take.

Kafin a yanke wa kayan kamfani hukunci, ya kamata a san iri biyu ne. A 1930, lokacin da kamfanin Paul Galvin da ke Chicago a Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, abin ƙari ne da mai hali ke saya daban, kuɗinsa ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na sabuwar Ford ta wancan zamani. An daɗe masu ƙera mota ba su ɗauki sauti da muhimmanci ba, sai a motocin 1983 da kamfanin Bose ya haɗa kai da General Motors. A Cadillac Seville da wasu 'yan uwanta, sun auna cikin motar kanta, gilashinta da kujerunta da inda kan direba yake, sannan suka daidaita sautin da wannan ɗaki. Sauran kamfanoni suka bi sahu, shi ya sa za ka ga tambarin JBL a wasu Camry da Sienna da Highlander, ka ga Mark Levinson a wasu Lexus. Wanda motarsa ke ɗauke da irin wannan tambari, in kayan suna da lafiya, ya riga ya mallaki abin da injiniyoyi suka daɗe suna saitawa, kuma da wuya wani a bakin titi ya ɓalle shi ya sa wanda ya fi shi da kayan da ya haɗo nan da can. Iri na biyu shi ne na gama-gari, wanda ke cikin yawancin Corolla da Civic da Golf da Vectra da 406: lasifika mai fatar takarda, ɗan ƙaramin maganaɗisu, kan rediyo mai ƙaramin ƙarfi. Masu sukarsa suna cewa kamfani ya tsuke hannu a nan, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wannan lasifika mara nauyi ita ce ke iya ba da murya sosai da ɗan ƙarfin da kan rediyon ke fitarwa. Ba ta kai masu tsada ba, amma ita da kan an yi su ne don juna.

To amma fa yawancinmu ba sabuwar mota muke hawa ba. Tokumbo ce ko 'yar Kwatano, ta yi shekara 10 ko 15 a Amurka ko Turai kafin ta sauka, ta zo ta ƙara wasu a hannunmu. Da yawa daga cikin lasifikokin nan an zagaye bakinsu da soso mai laushi, shi kuwa soso yana ruɓewa da shekaru ko a ƙasar sanyi. Ina ga nan, inda a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ke haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 70? Ga ƙurar hunturu tana shiga ta bakin gilashi, ga ruwan damina yana gangarawa cikin ƙofa. Sai mutum ya ce sautin kamfani banza ne, alhali bai taɓa jin sautin kamfanin ba, yagaggiyar lasifika yake ji. Gane wannan ba ya cin ko kwabo. A cikin saitin rediyo akwai wurin karkata sauti hagu ko dama, gaba ko baya. Ka tsayar da mota a wuri shiru, ka kamo tashar da ake magana, ka tura sautin kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ji karkarwa, ko shaƙewar murya, ko shiru, nan ciwon yake. Lasifikoki biyun gaba su ne ke kai wa kunnen direba kusan duk abin da yake ji, don haka sauya su in sun mutu shi ne aikin da ya fi kowane riba a wannan fage. Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya.

A wajen zaɓen sabuwar lasifika ne ake fara yi wa mutane wayo da lambobi. Mai shago zai nuna maka kwali an rubuta wat 600 ko 1000 da manyan haruffa, ya ce wannan ta fi. Lambar da ke jikin lasifika ba ƙarfin da take bayarwa take nunawa ba, abin da za ta iya jurewa ne kafin ta ƙone, shi ma sau da yawa na ƙiftawar ido aka rubuta. Mai bayar da ƙarfi shi ne kan rediyo ko amfilifaya, kuma kan rediyo yana da iyakar da ba zai tsallake ba. Wutar mota bolt 12 ce, tana kai 14 da 'yan kai in inji na aiki. A kan lasifika mai om 4, abin da wannan wuta ke iya fitarwa ba tare da sauti ya gurɓata ba bai wuce wat 20 ko kusa da haka ga kowace lasifika ba, ko da an rubuta 50 sau 4 a goshin rediyon. Lambar gaskiya ita ce wadda haruffan RMS ke biye da ita. Wadda aka biyo ta da PMPO ta talla ce, kada ma ka tsaya karanta ta. Sannan kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka ƙarfi daga wat 20 zuwa 40, desibel 3 kawai sautin ya ƙaru, za ka ji bambancin amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara desibel 10, wato sai ƙarfi ya tashi daga wat 20 zuwa 200, ninki na gaba kuwa sai 2000. Kun ga kenan kowane mataki ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba. Akwai wani tarkon kuma: lasifikoki masu tsada da yawa suna da nauyi, an yi su ne don amfilifaya ta tura su. Ka ɗaura su a kan rediyon kamfani sai ka ji murya ta ragu, kaurin sauti ya tafi, ka koma shago a ce maka ai sai ka ƙara amfilifaya. Wanda ba shi da niyyar sa amfilifaya, lambar da zai nema a kwali ita ce mai nuna yawan sautin da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya, ana rubuta ta da desibel. Mai 90 ko sama da haka ita ce daidai da shi. Jabu kuwa ya cika kasuwa da sunan Pioneer da Kenwood da Sony a jiki. In aka ce kaya na babban kamfani ne amma kuɗinsa ya faɗi warwas, a tuna araha ba ta ado.

Yanzu mu zo kan abin da masu tallar sauti ba su cika ambata ba, ko da yake shi ne babban abokin gabar sauraro a mota, wato hayaniyar motar kanta. Mota mai lafiya, gilashi a rufe, tana gudun kilomita 100 a awa, hayaniyar cikinta tana kai desibel 70 ko kusa. A sauke gilashi iska ta shigo, sai ta haura 80. Mu kuwa da gilashi a sauke muke yawan tafiya, wani esinsa ya mutu, wani yana tattalin mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ga salansa mai huji, ga robar ƙofa ta bushe, ga boris yana kuka, ga ramukan hanya. Duk sautin da bai fi wannan hayaniya ƙarfi ba ta haɗiye shi, kuma abin da take fara haɗiyewa shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa: laushin murya, ƙananan kaɗe-kaɗen da ke bayan waƙa, numfashin mai karatu. Wanda ya zuba kayan sauti na alfarma a irin wannan mota, ruwa yake ɗurawa a tulu mai yoyo. Lissafin desibel ɗin nan da muka yi yana aiki ta baya ma: rage hayaniyar mota da desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya, kuma sauke wa kunne nauyi ne maimakon ƙara masa. Saboda haka gyaran esi, da like salansa, da sauya robar ƙofa, duk aikin sauti ne ko da ba a rumfar mai sauti ake yin su ba. Akwai kuma shimfiɗar da ake manna wa ƙarfen ƙofa ta ciki don hana shi rawa. Tana taimaka wa lasifikar gaba ƙwarai, amma a nemi ta roba ta gaske, don mai kwalta a ciki zafinmu na narkar da ita, ta yi wari, ta zame.

Tambaya ta gaba da mai mota zai yi wa kansa, ya kuma amsa tsakani da Allah, ita ce: me nake saurare? Direbobinmu da yawa labarai suke ji, da shirye-shiryen siyasa, da tafsiri, da karatun Alƙur'ani, da sharhin ƙwallo. Duk wannan muryar mutum ce. Abin da ke sa a fahimci magana yana tsakanin haz 300 zuwa wajen 3400, shi ya sa tsohuwar wayar tarho ta wadatu da wannan zango. Akwatin ufa kuwa aikinsa daga wajen haz 80 ne zuwa ƙasa, can inda ake jin dum-dum a ƙirji. Ba abin da zai ƙara wa mai jin tafsiri, in ma ba a saita shi daidai ba kumbura muryar malam zai yi ta daina fita. Haka nan kayan sauti ba sa ƙirƙiro abin da babu a cikin abin da aka ba su. Tashar FM ba ta aiko sauti sama da haz 15,000, ta AM kuwa wajen sulusin haka take tsayawa. Waƙar da aka ciro daga bidiyo aka matse ta don memori ta ɗauki ɗaruruwa ta riga ta zubar da wani ɓangare na kyanta. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da ke yawo a wayoyi, da yawansu daga tsofaffin kaset aka kwafo su, da hurar kaset ɗin da komai. Lasifika mai kyau ba ta rufe wannan aibi, fili take fito da shi.

Inda canji yake da hujja mai ƙarfi shi ne kan rediyon kansa, a tsofaffin motoci. Motar 2003 ko 2006 da kaset ko faifan CD ta zo, alhali abin da muke ji yau yana cikin waya, kuma kai mai Bluetooth yana raba direba da riƙe waya a kunne. Akwai kuma matsalar da ta shafi motocin Amurka musamman. Rediyonsu da tsarin can aka saita shi: a zangon AM yana tsallen goma-goma, alhali tsarin Afirka da Turai tara-tara ne. Rediyon Tarayya na Kaduna yana kan 594, rediyon Amurka kuwa a 590 zai tsaya ko 600, kusa da tashar amma ba a kanta ba. A FM ma, kan lambobin da ke ƙarewa da 1, 3, 5, 7 ko 9 kaɗai yake sauka, tashar da ke kan 96.2 ko 100.4 sai ya tsallake ta. Ga wanda rediyo ne abokin tafiyarsa, wannan dalili ne na gaske. Amma ko a nan akwai matakai. Motar da ke da ramin AUX, ƙaramar na'urar Bluetooth ta ishe ta. Wadda ba ta da shi, akwai wadda ake sokawa a ramin kunna sigari ta aika sauti ta FM. Ba ta kai ta farkon ba wajen tsabta, amma ga mai jin magana ta wadatar. Na gaba shi ne kai na sanannen kamfani mai maɓallai na gaske. Allon Android shi ya fi jan ido, shi kuma ya fi bukatar taka tsantsan. Masu arhar cikinsu suna jinkirin tashi, suna sandarewa in sun sha rana, kama tasharsu sau da yawa bai kai na kamfanin da aka cire ba. Amfaninsu na gaske taswira ce da kyamarar baya, kuma kyamarar baya ba ƙaramin abu ba ce a unguwannin da yara ke wasa a bakin ƙofa. Amurka ta wajabta ta a kowace sabuwar mota tun watan Mayun 2018. Sai dai allo sai an kalle shi kafin a taɓa, maɓalli kuwa hannu ya san wurinsa. Mota mai gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kallon allo na daƙiƙa 2 kenan tafiyar mita 56 ce ido ba ya kan hanya. Direban da ya kunna fim yana tuƙi tsakanin Zariya da Kano rayukan mutane ya sa a caca, kuma ɗan riwayan da ya cire masa tsarin da ke hana bidiyo aiki sai an ja birkin hannu yana da kasonsa a alhakin.

Babban kashe kuɗi, kuma babban haɗari, yana wajen amfilifaya mai ƙarfi da akwatin ufa a but. Wutar da za su sha daga altaneta za ta fito, ita kuwa a ƙaramar mota irin Corolla amfiya 80 zuwa 100 take bayarwa, kuma fitilu da fanka da esi da famfon mai sun riga sun ci rabonsu. Amfilifaya mai wat 1000 na gaske, in aka buɗe ta sosai, tana iya neman amfiya 80 ita kaɗai. Shi ya sa za ka ga fitilar mota tana lumshewa da kowane bugun ganga, batir yana mutuwa kafin lokacinsa, altaneta tana ƙonewa, kuma ba wanda ya sa waɗannan a lissafi ranar saye. Wayar da ake ja daga batir zuwa but dole ta kasance mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa kuwa cike take da ta alminiyon da aka lulluɓe da jan ƙarfe a baya, wadda wajen kashi biyu cikin uku na aikin ta gaske kawai take iya yi, sai ta ɗauki zafi. Dole kuma a sa fiyus kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45. Wayar da ba fiyus, in ta goge da ƙarfen jikin mota rufinta ya huje, ba abin da zai yanke wutar, sai ta yi ja ta kama kafet. Motoci sun ƙone ta wannan hanya, kuma abin da aka yi wa rowa bai kai kuɗin sabulun wanke motar na wata ɗaya ba.

Ko da wayoyin sun yi daidai, saura kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba. In ya kai 90, awa 4 ne rabonsa a mako. In ya kai 100, bai kai rabin awa ba. Mota mai amfilifaya da ufa, gilashi a rufe, wuce 100 ba wuya gare ta. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa, kuma mutuwarsu ba ta zafi. A hankali mutum zai fara cewa a maimaita masa magana, ko ya kwanta da dare ya ji kunnensa na kuka. Yara ma'auninsu ya fi ƙasa, desibel 75, kuma su ne ke kujerar baya inda akwatin yake jingine da bayansu, ba su da ikon cewa a rage. Direba kuma da kunne yake tuƙi ba da ido kaɗai ba: hon ɗin tirela, jiniyar motar asibiti, babur ko A Daidaita Sahu da ya maƙale a gefe, sabuwar ƙara da ƙafar mota ta fara. Sannan ga haƙƙin maƙwabci. Kaurin sauti yana ratsa bango ya tarar da mara lafiya, da jaririn da aka samu ya yi barci, da masu salla. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, amma tun kafin doka addini da tarbiyya sun hana cutar da wanda ke kusa da kai.

Na san akwai mai sauraron da zai ce: Malam, kuɗina ne, motata ce, ni kuma ina son kiɗa, wanda ya sayi kujerar fata ko ƙafafun ado ba a tuhume shi ba, me ya sa sai ni? Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ma'aikacin da ke shafe awanni a cunkoson Nyanya da Mararaba safe da yamma, ko direban da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, rabin rayuwarsa a mota yake, kuma jin daɗin da bai cutar da kowa ba halas ne a biya masa kuɗi. Gaskiya ne kuma kiɗan zamani yana da kaurin da lasifikar ƙofa ba ta iya fitarwa. Irin wannan mutum, bayan lasifikokin gaba da rage hayaniya, abin da zai amfane shi shi ne ƙaramar amfilifaya mai wat 50 zuwa 75 na gaske ga kowace lasifika, da ƙaramin ufa irin wanda ke shiga ƙarƙashin kujera. Amfanin amfilifayar a nan shi ne sauti ya tsaya da ƙafarsa ba tare da an ƙure ta ba, domin ƙure ƙaramin kai shi ke kawo tsagewar muryar nan mai gajiyar da kunne, shi ne ma ke ƙona ƙananan lasifikoki. Wannan mataki altaneta na ɗaukarsa, but ya zauna fili don kaya. Abin da ya wuce haka, kuɗin ya daina yi wa kunnen mai mota aiki, mutanen bakin titi ake so su juyo. Direban da ya ce ƙara ce ke hana shi barci a tafiyar dare kuwa, tana farkar da shi na ɗan lokaci ne kawai; gyangyaɗi maganinsa a sauka gefe a runtsa.

Sai masu cewa ai ranar sayar da mota kayan za su ƙara mata daraja. Dillalan mota sun san ba haka abin yake ba. Mai saye a wajenmu motar da ba a taɓa wayarta ba yake nema. In ya leƙa ƙarƙashin dashbod ya ga an yanyanka an naɗe da salatif, ragi zai nema, kuma da gaskiyarsa, don a motocin baya-bayan nan rediyo ba zaman kansa yake ba. A Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 maɓallan esi da rediyo a fuska ɗaya suke. A motocin General Motors da yawa, ƙararrawar gargaɗi ta cikin rediyo take bi. Wasu Accord na baya suna da tsarin kashe hayaniya mai aiki da makirfo a rufin mota, in aka sa ufa ba a kula da shi ba sai mota ta kama gurnani. Maɓallan sitiyari ma sukan mutu. Saboda haka wanda ya yanke shawarar yin aikin, ya fara tabbatar da tayoyinsa da birkinsa ba sa jiran wannan kuɗi. Sannan ya zaunar da ɗan riwaya su yi magana kafin a kwance ko noti ɗaya. Ya ce a yi amfani da soket ɗin haɗi da aka yi don irin motarsa, kada a yanke wayar asali. Ya ga wayar da fiyus ɗin da idonsa. Ya karɓi rediyon kamfani da lasifikokin da aka cire ya adana, don a mayar da su ranar sayarwa. Kafin ya biya kuma, ya zauna a kujerar direba ya yi gwajin nan na hagu da dama: in kaurin sauti ya fi fita a gefe ɗaya, ya ragu da aka dawo tsakiya, to an juya wayoyin lasifika ɗaya, biyun suna kashe juna, kuma gyaransa na 'yan mintoci ne tun ƙofa tana buɗe.